GS300 da injin 2JZ-GTE: wace ƙwaƙwalwa zan saka, kuma da me zan fara?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar turbo ina neman shawararku kafin in fara kashe kuɗi. Motata Lexus GS300 ce ƙirar 2001, tokumbo, bodi ba tsatsa ba komai, toh kwanakin baya na samu injin 2JZ-GTE na Toyota Aristo (GS300 ta kasuwar Japan) mai VVT-i, wato tsarin da ke canza lokacin buɗe balb, a kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas, ya zo da giyabos ɗinsa na otomatik da birenbos ɗinsa (ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke tuƙa inji) da wayoyinsa duk da an yanke wasu, makanikena ya ɗaura, yanzu haka mota na tashi tana tafiya da turbo biyun nan na asali. Burina in kai ta ƙarfin doki 600. Abin da ya rage a hannuna na wannan aikin naira miliyan 9 ne, ba ƙari sai an kwana biyu.

Inda kaina ya ɗaure shi ne wani ya ce in fara sayen babban turbo guda ɗaya da manifol (bututun da ke kai masa hayaƙi) da westget (balb ɗin da ke iyakance matsinsa) tunda shi ke kawo ƙarfin, ƙwaƙwalwa kuma in sa irin ƙaramar nan da ake jonawa a kan ta asali kamar e-Manage wai ta isa. Wani kuma ya ce a'a in sa mai zaman kanta da ke tuƙa inji ita kaɗai, Haltech ko Link ko ECUMaster, ni kuma da na duba farashin Haltech kaɗai sai na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ya tafi ban sayi ko noti ɗaya ba. Sannan motar nan ita nake hawa kullum daga Agege zuwa Apapa, kun dai san gosulon hanyar, ina son esi na aiki kuma ba na son motar da sai an lallaɓa take tashi da safe. Wace ƙwaƙwalwa ta dace, da me zan fara, me zan bari sai gaba? Na gode Allah ya bar zumunci.

Baba Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Ɗana Allah ya sanya alheri, ka samu inji na kirki, bulok ɗin ƙarfe ne, silinda shida a jere, lita 3, kuma gindinsa na iya ɗaukar doki 600 ba tare da an buɗe shi ba matuƙar lafiyarsa ƙalau kuma saiti ya yi daidai. Amma lafiyar tasa ce ba ka faɗa mana ba. Injin nan ko na ƙarshen fitowa ne ya haura shekara 20 a duniya, ba wanda ya san wahalar da ya sha a Japan ko tsawon zaman da ya yi a kwantena da ƙasan shago. Kafin ka sayi komai a auna kwamfireshin na silinda shidan a ga sun zo kusa da juna, a canza bel ɗin taimin da tenshina da famfon ruwa, a duba sil ɗin gaba da giyar VVT-i ɗin don tana yawan tsiyayar baƙin mai in ta tsufa, fulin gaba ma robar tsakiyarsa tana rabuwa. Lagireto sabo, fanka mai ƙarfi. Waɗannan ba sa ƙara doki ko ɗaya shi ya sa samari ba sa son jin zancensu, amma motar da za ta yi awa biyu a tsaye a Mile 2 da esi a kunne su ne rayuwarta.

Sai maganar 600. Matsalarka ba inji ba ce, mai ne. Waɗanda kake gani a intanet suna fitar da 600 ko 700 daga wannan injin galibi da E85 (man da yawancinsa ethanol ne) suke yi ko fetur mai oktan 98 (oktan shi ne ma'aunin juriyar mai ga fashewa da kansa), mu kuwa nan fetur iri ɗaya ne a gidan mai, oktan ɗinsa bai kai can ba, kuma na yau ba lallai ya zama irin na gobe ba, ka tuna Fabrairun 2022 da aka shigo da man da methanol ya yi wa yawa, layi ya cika Legas, mutane suka yi ta kukan motocinsu. Idan ka cusa iska da yawa cikin silinda, ga zafin garin nan, ga mai mai rauni, sai cakuɗin ya riƙa fashewa da kansa maimakon ya ci daki-daki bayan fulogi ya kunna, za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, wani lokacin ma ƙarar salansa ba za ta bari ka ji ba, kafin ka ankara gefen fistin ya karye ko gaskit ya ƙone. Ni dai shawarata ka sa ran 400 zuwa 450 tukuna. Asalin injin a takarda 280 ne fa, 450 a GS300 ba ƙaramin abu ba ne wlh.

Turbo biyun da ke kai kuma na Japan ne, fankar ɓangaren hayaƙinsu ta tangaran ce, ba ta son matsin iska ya wuce bar 1.2, in aka matsa mata tarwatsewa take yi. Ka bar su wajen bar 1 su yi maka aiki. Babban turbo shi ne abin da za ka saya a ƙarshe ba a farko ba. Maganar ƙwaƙwalwa na bar wa yaran da suka iya laftof.

Rewaya Mushin:

Oga barka, Baba ya gama magana ta ɓangaren ƙarfe, bari in ɗora da nawa ɓangaren.

Ƙaramar ƙwaƙwalwar nan da aka ce ka jona, abin da take yi shi ne ta tare saƙon sensar iska kafin ya isa birenbos na asali ta canza shi. Toh matsalar ita ce birenbos ɗin da wannan saƙon yake lissafin mai kuma da shi yake lissafin lokacin wuta, kaga in ka sa manyan nozul masu fesa mai ka rage saƙon iska don mai ya ragu, sai shi ya ɗauka inji ba ya ɗauke da nauyi ya ƙara gaggauta wuta, daidai lokacin da bust, wato matsin iskar turbo, ya hau kuma ya kamata a ja wutar baya. Da man gidan man mu wannan hanyar fasa fistin ce kai tsaye. Ga shi kuma ta asalin tana koyo, abin da ka saita yau bayan sati ta fara gyara shi zuwa yadda ta sani.

Mai zaman kanta abin da kake saye a jikinta ba doki ba ne kawai, kariya ce. Ka sa mata sensar oksijin mai faɗin ma'auni, Bosch LSU 4.9, ta riƙa ganin cakuɗin mai da iska kowane lokaci, a tafiya ta yau da kullum 14.7, in bust ya hau wajen 11.5 zuwa 12, in ya tsinke ya haura haka ta yanke bust nan take. Ka sa sensar matsin baƙin mai da ta matsin fetur da ta zafin iskar da ke shiga, in ɗaya ta fita daga iyaka ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfi ko ta hana inji hawa. Wannan na zafin iska yana da muhimmanci sosai a Legas, ka daɗe a gosulo intakula, wato na'urar sanyaya iskar turbo, ta ɗau zafi, hanya ta buɗe ka taka totur, iskar da ke shiga ta yi zafi ƙwarai, a nan ne injuna ke mutuwa, ƙwaƙwalwa mai kyau ita da kanta za ta ja wuta baya har iska ta huce. Kuma za ka iya yin saiti biyu da makunni a dashbod, ƙaramin bust na zuwa aiki da ranar da ba ka yarda da man da ka sha ba, da babba.

Wacce za ka saya kuwa, ka lura injinka totur ɗinsa na lantarki ne kuma yana da VVT-i, haƙoran kirank 36-2, don haka dole wadda za ta iya tuƙa totur na lantarki ko kuma ka canza zuwa na waya. Haltech Elite 2500 ta Ostireliya tana yi, Link G4X ta New Zealand manyan cikinsu suna yi, ECUMaster EMU Black ta Poland ma tana yi kuma ita ta zo da na'urar sensar oksijin da sensar matsin iska ta bar 4 a cikinta, kuɗinta kuma bai kai na Haltech ba. A aljihunka ni EMU Black zan ce. Amma kafin ka biya ko kobo ka fara samun wanda zai yi maka saitin ka tambaye shi wacce hannunsa ya saba da ita, in ya ce Link ya iya ka sayi Link, don duk tsadar ƙwaƙwalwa abin da aka rubuta a cikinta take bi. In daga waje zai yi maka ta intanet, kai ka ɗauko log, wato bayanan da ƙwaƙwalwa ta naɗa a tafiya, ka tura masa ya gyara ya dawo maka da shi, toh ka tabbatar ka gaya masa gaskiyar man da muke sha, kar ya yi maka saitin man Ingila.

Wani abu da mutane ba sa sani sai sun riga sun yanke waya: a GS300 da Aristo birenbos na asali shi ke tuƙa giyar otomatik, kuma shi ke magana da mitar dashbod da esi ta wani layin sadarwa na Toyota. In ka cire shi gaba ɗaya esi zai tsaya, allurar zafi ta mutu, giya ta rikice. Don haka ba cire shi za a yi ba, a bar shi yana riƙe da waɗannan, sabuwar ta karɓi nozul da wuta da bust. Aikin wayar nan shi ne rabin aikin, ba na a murɗa waya a naɗe da baƙin tef ba ne, wayar sensar kirank dole mai rufin kariya, wayar at (earth) mai kyau a jikin inji, kuma sabuwar ƙwaƙwalwar a sa ta cikin mota a sama-sama saboda ruwan damina na Apapa.

Nozul ɗinka na asali 440cc ne, wajen doki 400 sun ƙure. Lissafin 600 yana neman wajen 800cc in ba ka so su wuce kashi 80 na aikinsu, don haka ka sayi 1000cc sau ɗaya ka huta, ƙwaƙwalwa mai zaman kanta za ta iya sa su yi silo (aikin inji ba a taka totur ba) lafiya, sai dai irin waɗannan suna buƙatar sabon rel, wato bututun da ke raba musu mai. Famfon mai Walbro 450 da rile nasa da waya mai kauri, kuma ka tambayi makanikenka yadda ya yi da layin da ke mayar da mai tanki don GS300 ba ta zo da shi ba. Kwayil kuma naka guda uku ne suna raba wa silinda shida, in bust ya hau za su fara gajiya, mutane da yawa na sa na Yaris guda shida, kuma wannan kam akwai shi a Ladipo.

Abban Hanifa:

Ni gaskiya ina da ja kaɗan. Duk abin da Rewaya ya faɗa haka yake amma mutumin nan ya ce motar zuwa aiki ce, kuma ba wata ƙwaƙwalwar kasuwa da za ta tashi mota da safe ta riƙe silo da esi kamar yadda ta Toyota ke yi sai an ɓata lokaci sosai wajen saiti. Inda ni ne zan bar birenbos na asali, in buɗe salansa, in sa intakula ta gaba, famfon mai, geji na oksijin da na bust, in tsaya ƙasa da inda ta asalin ke yanke mai, in hau abata shekara guda ina tara kuɗi. Abin da zai samu a haka ya ishe shi jin daɗi, ragowar kuɗin ya zuba a birki da ƙafa. Ba wanda ya yi maganar birki tun ɗazu. Kalifan LS400 masu fistin huɗu suna hawa gaban GS300, kuma bol jon na ƙasa na motar nan kowa ya san yana tsinkewa ba sallama, ga ramukan hanyar Apapa, a canza su da na asali kafin a ƙara ko doki goma.

Ɗan Agege:

Baba na gode Allah ya ƙara girma, gobe in sha Allah za a auna kwamfireshin. Oga Rewaya ka buɗe min ido kan maganar esi da giya don niyyar makanikena a cire ta asalin ne gaba ɗaya. Abban Hanifa maganar birki ta shige ni, amma inaga tunda ko ba daɗe ko ba jima sai na sa babban turbo gara in yi aikin waya sau ɗaya yanzu. Tambayata biyu, giyabos ɗin nan zai kai ni ina? Sannan na ji ana maganar fesa ruwa da methanol wai yana maye gurbin mai mai kyau, in na sa shi zan iya kaiwa 600 ɗin?

Alhaji Tinkan:

Malam bari in yi maka maganar kuɗi tunda shigo da kaya ne sana'ata. Miliyan 9 ɗin nan ka daina kallonta a naira, kusan duk abin da aka lissafa maka da dala ake saye, tun da aka saki naira a 2023 dala ta haura 1,500 a 2024, in ka yi lissafi a haka abin da ke hannunka wajen dala 6,000 ne, kuma farashin da kake gani a intanet ba shi ne farashin da kaya ke isowa hannunka ba, akwai kuɗin jirgi, akwai kwastan, akwai canjin da zai motsa tsakanin ranar da ka yi oda da ranar da ka biya sauran. Cikakken kayan babban turbo na gaske, Garrett ko BorgWarner da manifol da westget da bututun hayaƙi da layukan mai, shi kaɗai zai lashe fiye da rabin kuɗin, sai ka wayi gari da turbo a ɗaure ba nozul ba ƙwaƙwalwa ba kuɗin mai saiti, mota a gareji ƙura na hawa, irin waɗannan motocin suna nan birjik a garejojin garin nan kowa na gani.

Inda ni ne ga yadda zan yi. Ƙwaƙwalwa da sensoshi da aikin waya da ladan mai saiti a ware musu kamar kashi ɗaya cikin uku, kar a taɓa, kuma ladan mai saitin a yi maganarsa tun farko har da komawa gyara bayan an hau mota. Ɓangaren fetur, nozul da rel da famfo da regileta, ya biyo baya. Sai gyaran da Baba ya lissafa da intakula da lagireto da birkin Abban Hanifa, waɗannan da yawansu da naira za ka same su a nan. Sannan ka ajiye aƙalla miliyan ɗaya da ba ta da suna, don sai an buɗe aiki ake ganin hos ɗin da ya fashe da kwanetar da ta karye.

Nozul da famfon mai da sensar oksijin kar ka saye su don araha, jabunsu ya cika kasuwa har da kwali da tambari, nozul ɗaya ya ba da mai ƙasa da 'yan uwansa silindar nan ta tafi kuma geji ba zai nuna maka ba tunda hayaƙin shidan yake aunawa a haɗe. Ka saya wajen dilan da kamfanin ya sani ko da ya fi tsada. Ka haɗa odarka ta zo a kwali ɗaya. Kuma tunda an canza inji ka je a gyara lambar inji a takardun mota kafin 'yan VIO su tare ka da ita.

Fetur ma ka sa shi a lissafi, tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi kowa ya san yadda lita take, kuma nozul 1000cc in ƙafarka ta yi nauyi za ka gani a aljihu.

Rewaya Mushin:

Oga giyar Aristo mai hawa huɗu ce, ta fi ta GS300 mai hawa biyar ƙarfi shi ya sa gara da aka ɗaura ta, amma ita ma daga 400 zuwa 450 ta fara santsi in ba a ƙarfafa ta ba, kuma zafi ne ke fara kashe ta, don haka ka sa mata babbar kula mai sanyaya man giya yanzu-yanzu, kuɗinta kaɗan ne. Ranar da za ka nemi 600 dole ko a buɗe ta a sa mata kuloci masu ƙarfi da aikin balb bodi, ko ka koma manuwal, R154 ko CD009 ta Nissan 350Z da adafta, V160 ta Supra kam kuɗinta ya wuce maganarmu, wasu kuma yanzu ZF 8HP ta BMW suke sawa da nata kwantirola. Kowanne ka zaɓa wani kasafin ne daban mai zaman kansa, kar ka cusa shi cikin miliyan 9 ɗin nan.

Ruwa da methanol yana aiki, yana sanyaya iska yana rage fashewar nan da Baba ya faɗa, kuma a garin da ba E85 shi ne hanyar da ta fi kusa. Amma in aka yi saiti a kansa sannan tankin ya ƙare ko kan fesawar ya toshe kana cikin bust, inji ya koma kan man gidan mai zalla da wutar da ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa sai an jona sensar gudu ko ta matsi zuwa ƙwaƙwalwa yadda da ya tsaya za ta koma ƙaramin saiti da kanta, ƙaramar da aka ce ka jona ba za ta yi maka wannan ba. Ruwan kuma tataccen ruwa irin na batir ba na famfo ko na leda ba. Man jirgin sama 100LL da wasu ke cewa a haɗa kar ka fara, akwai dalma a ciki tana kashe sensar oksijin.

Abban Hanifa ya yi gaskiya kan tashin safe da silo, wannan ka sa shi cikin sharaɗin mai saiti, a bar motar ta kwana ya saita ta da sanyin inji da esi a kunne da fitilu, ba ranar farko kawai ba. In an auna kwamfireshin gobe ka turo mana lambobin shidan da hoton filogin birenbos ɗin inda aka yanke wayoyin, in ga ko za a iya yin wayar jone tsakanin filogi da filogi ba tare da an ƙara yanka ba.